Tururuwar da Ta Yi wa Nonon Ɗiyata Shari'a

A cikin ludayi aka yi wa ɗiyata shari'a, kuma tururuwa ce alƙali.

Bari in faro daga inda za a gane. Ni a Darini nake, ta wajen Batsari, can mijina ya yi noma har Allah ya karɓi abinsa. Amma asalin gidansu a Tsaskiya yake, ƙasar Safana, kuma ƙanensa bai taɓa barin gidan ba. Su biyun nan ne suka haɗa 'ya'yansu aure, autata da ɗan ƙanen nasa. Ba wanda aka tilasta. Tun suna wasan ƙasa yaran ke son juna, in mun je yawon sallah sai an ɓamɓaro ta daga gidan tana kuka. Uwar yaron kuwa faccalata ce, matar ƙanen mijina, tare muka yi zaman gidan surukai kafin mu tashi mu koma Darini. Yaya take ce mini. A baki dai.

Kafin abin da zan faɗa, ɗiyata ta yi haihuwa biyu, duka ba su zauna ba. Su zo 'yan mitsi-mitsi, su yi ta tsotso ba ƙoshi, su bushe a hannun mutum yana kallo, kafin a gama wankan jego an kai su makwanci. Muka ce haka Allah ya so. Da ta haifi na uku, namiji, na je suna na ɗauke shi, bai kai nauyin tiyar gero ba. Na ce masa, "Kai ne angon nawa? To ka yi maza ka yi ƙiba, ni ba na auren ragon namiji." Mata suka yi dariya, na dawo gida.

Ba a jima ba wani mai babur da ke kai kaya kasuwar Safana ya tsaya a ƙofar gidana, ya ce an aiko shi, in zo, mai jego ba ta ci ba ta sha sai kuka. Ko tunkiyata ban tsaya ɗaurewa ba. Hanyar nan kowa ya san yadda ta koma a 'yan shekarun nan saboda 'yan bindiga, ba a bin ta sai rana ta ɗaga, sai kuma an tambayi waɗanda suka fito ta can. Muka tambaya, muka bi.

Na sami ɗiyata zaune a bakin gado, ƙirjinta ya kumbura ya yi tauri kamar dutsen niƙa, rigarta ta jiƙe sharkaf. Hannunta babu yaro.

Na ce, "Ina yaron?"

Ta ce, "Inna, sun ɗauke shi. Yana ɗakin Gwaggo. Wai nonona ne ke kashe su."

"In ji wa?"

"An gwada, Inna."

Sai ta ba ni labari tana shessheka. Da yaron ya fara ramewa kamar yayyensa, faccalata ta kira ungozomar unguwa. Aka tatsi nonon a ludayi, aka kamo tururuwa aka jefa ciki, mata suka zagaye suna kallo. In ta yi iyo ta hau gefen ludayi ta fita, nono mai kyau ne. In ta mutu a ciki, mugun nono ne, a raba shi da bakin yaro. Wannan tururuwar ta yi ta watsal-watsal, ta kama gefe ta zame, ta sake kamawa ta zame, daga nan ta daina motsi. Shi ke nan. Aka zare yaro daga cinyar uwarsa.

Na san gwajin nan, ba baƙona ba ne. Ni ma an yi mini a haihuwar fari, tawa tururuwar ta fita, aka rangaɗa guɗa, na yi ta alfahari kamar ni na koya mata iyo. Amma ranar nan da na ga ƙirjin ɗiyata, sai na tambayi kaina: wace tururuwa ce za a jefa a ruwa cikin ludayi mai santsi a ce dole ta fita? A jefa ta cikin madarar saniyar da ta fi kowace lafiya a rugar Fulani mana a gani.

Na nufi ɗakin faccalata, Gwaggon da take faɗa. Tana zaune ta miƙe ƙafa, yaron a cinyarta, gefenta ƙoƙo biyu, ɗaya madarar akuya, ɗaya ruwan zuma da ta jiƙa dabino a ciki. Tana ɗiga masa da ɗan cokali.

Ta ce, "A'a, Yaya ce? Sannu da zuwa. Ya hanya?"

Na ce, "Hanya ta fi gidan nan lafiya. Me kike ɗura masa?"

"Abin da zai riƙe masa ciki. Kin ga yadda yake karɓa? Yunwa ce ke cinsa, abin da uwar ke ba shi ba ya zama a jikinsa."

"Uwar tana can tana yoyo kamar tulu ya fashe, ke kina nan kina wasa da cokali."

Ta ajiye cokalin ta dube ni, da muryar nan tata mai sanyi wadda na tsana tun muna amare. "Yaya, ba zagi ba ne. Nono a wurin uwa ake gadonsa. Ke ma ai kin binne biyu."

Na ce, "Ƙyanda ce ta ɗauke su, shekarar da ta ɗauki taki 'yar. Ko ita ma nonona ta sha? Sauran da na shayar fa, waɗanda ke ɗaga buhun dawa da hannu ɗaya, nonon akuyarki suka sha?"

Ashe abin da ake faɗa ke nan a Tsaskiya tun kafin in iso. Ba ɗiyata kaɗai aka yanke wa hukunci ba, har da ni, har da uwata da ke kabari. Wai daga gare mu mugun abu ya shigo gidansu mai tsarki.

Na fita tsakar gida don kada hannuna ya yi abin da bakina bai gama ba. A bayan ɗakin, gindin danga, an tara tsummokaran da ake shimfiɗa wa yaron, ba a kai ga wankewa ba. Tuli guda, duk a jiƙe, kamar ba jariri ɗaya ke fitsarin ba. Kuma sun yi baƙi ƙirin da tururuwa. Layi-layi suke zuwa daga ƙarƙashin danga, ko ta kan ƙanzon da ke gefe ba sa bi.

Na tsaya ina kallo, don na taɓa ganin wannan. A Darini, bayan rumbu, inda mijina ke tsugunawa ya yi fitsari. Shekaru na yi ina share tururuwa a wurin. Mutumin nan ya sha ruwa kamar rani, ya ci tuwo kamar mutum biyu, yana ta zubewa. Ƙaya ta soke shi a gona, ƙafar ta ƙi warkewa, sai a lokacin aka kai shi asibiti aka ce ciwon suga ne, ya daɗe a jikinsa. Ita ƙafar ce ajalinsa. Ƙanensa kuwa, mijin faccalata, ga shi can a zaure, idanu sun tafi, buta ba ta rabuwa da gefensa. Uwarsu da ta haife su, ni na yi jinyarta ina amarya, ruwa take kira har ta cika. A lokacin ba a san sunan abin ba. Bayan an sani kuma sai aka ƙi faɗa. A gidan nan ba a cewa suga. Sai a ce zafi ne, a ce shawara ce, a ce tsufa ne, don kada masu neman aure su ji a ce gidan yana da ciwon gado. Kowa ya yi gum. Amma da aka zo kan ƙirjin mace, har maƙwabta aka kira kallo.

Na ɗauki tsumma ɗaya da tururuwar a jiki na shiga zaure. Surukina yana nan zaune gefen ubansa, ya dafe kai. Na manta da wata kunyar suruki, ai a gabana aka yanke masa cibi.

Na ce, "Kai, ɗago ka duba. Me ka gani?"

Ya ce, "Tururuwa ce, Inna."

"Me take nema a fitsarin jariri?"

Ubansa ya juyo da fuska wajen muryata ya ce, "Yaya, lafiya?"

Na ce, "Kai ka fi kowa sanin abin da take nema, tunda kullum ana share ta a makewayinka. Asibiti za a kai yaron nan yau."

Faccalata ta biyo ni har bakin zaure, ta ce ba a fita da jariri kafin arba'in, iska za ta buge shi, kuma me mutane za su ce. Na ce mutane su ce abin da suka ga dama, biyun da aka tsare a ɗaki ba su kai arba'in ɗin ba. Na karɓe shi daga hannunta. Ba ta sake shi da daɗi ba, ni ma ban karɓa da daɗi ba. Maɗigarsa ta faɗa ciki, leɓensa ya bushe, kukan ma ba ya fita sai buɗe baki. Na goya shi da kaina. Surukina ya dubi uwarsa, ya dube ni, ya tashi ya tayar da babur. Wannan ɗaya na yaba masa. Ɗiyata ta hau wani a bayanmu.

A asibitin Safana wata ma'aikaciya ta soki diddigen yaron, ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Ta duba, ta sake sokawa, ta sake dubawa. Ta ce, "Iya, me ake ba shi?" Na ce zuma da dabino. Ta rufe ido ta ce innalillahi. Ta sa masa ruwa a jijiya, ta ce wannan ya fi ƙarfin nan, mu wuce Katsina kada mu tsaya ko'ina.

A babban asibiti muka yi zaman makonni. Kwanakin farko ba na son tuna su. Abin da zan faɗa shi ne ranar da yaron ya buɗe ido ya fara neman abin tsotso, likitan yara ya dubi ɗiyata ya ce, "Ba shi nono mana."

Ta ja baya. Ta rufe ƙirjinta da hannu biyu ta ce, "Likita, an ce shi ne ke kashe su."

Ɗiyar da na haifa, tana tsoron jikinta kamar ta ɗauko maciji a riga. Wannan shi ne abin da ba zan yafe ba. Ciwo na Allah ne, amma wannan tsoron mutane ne suka dasa mata.

Likitan ya ce, "Wa ya ce?"

Na ce, "Tururuwa."

Bai yi dariya ba, Allah ya yi masa albarka. Ya ce babu abin da ke cikin nononta sai abinci, kuma a duniyar nan babu abin da yaron ke buƙata kamarsa. Na kama kan yaron da hannuna na kai shi. Nonon ya daskare, ta ciji leɓe don zafi, hawaye na zuba. Ya lalubo, ya saki, ya sake lalubowa, ya kama. Na ce, "Yawwa angona, sha abinka, ba na aro ba ne."

Da na ga likitan mai sauraro ne, sai na tare shi. Na ce ya faɗa mini daga ina abin ya fito. Ya ce ciwon suga ne, akwai wani sinadari da jiki ke yi wanda ke sa zaƙin abinci ya shiga tsoka ya zama ƙarfi, to jikin yaron nan ba ya yin sa yadda ya kamata, shi ya sa zaƙin ke taruwa a jini yana fita ta fitsari. Ya ce in ciwon ya bayyana a jariri ƙarami haka, yawanci da shi aka halicce shi, yana cikin irin da aka haɗa aka yi shi. Kowane ɗa rabin irinsa na uba ne, rabi na uwa. Wani lokaci mutum yana ɗauke da rabi mai rauni bai sani ba, lafiyarsa ƙalau, don ɗaya rabin ya rufa masa asiri. Sai in ya auri mai ɗauke da irin wannan raunin, a wani cikin raunin biyu su haɗu. Ya ce hakan ya fi faruwa in miji da mata daga rumbu ɗaya aka ɗebo irinsu.

Na ce, "Alhamdu lillahi. To ka faɗa da bakinka a gaban wannan yaron," na nuna surukina, "cewa jinin gidansu ne. Ya je ya gaya wa uwarsa."

Ya ce, "Iya, ɗiyarki 'yar wane gida ce?"

Na sauke hannun da nake nuna surukina da shi.

Ya ce, "Ai kun gaya mini ubanta da uban mijinta ciki ɗaya suka fito. In ta nan abin ya biyo, to ta wajen su biyun ya biyo, kuma babu mai laifi a cikinsu. Ba kuma zan rantse miki ba, don gwajin da ke nuna ainihin inda raunin yake ba a yin sa a nan. Sugan da kika ce ya kama mijinki da ƙanensa da girma ma wani iri ne daban, ko da yake shi ma yana bin dangi."

Ban ji daɗin amsar nan ba. Ni so nake a ba ni sanda in tafi da ita Tsaskiya, sai aka ba ni abin da ba ya dukan kowa. Na tambaye shi 'ya'yan ɗiyata biyun da suka rasu fa. Ya ce bai gan su ba, ba zai iya cewa ba, amma yadda muka kwatanta, ba mamaki. Na fita waje na zauna gindin wata bishiya na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne su. Da a gidan nan ana kiran ciwon da sunansa, da ko wani ya dubi tsumman na farko.

Aka koya wa ɗiyata allura, 'yar mitsitsiya, kullum, da yadda za ta soki diddige ta duba jini, da yadda za ta gane in sugan ya faɗi ƙasa. Ni ma na sa ido na koya. Da aka sallame mu, Darini na wuce da su, ban tambayi kowa ba. Maganin allurar ba ya son zafi, mu kuma ba wuta gare mu ba, sai na samo ƙaramin tulu na binne rabinsa cikin jiƙaƙƙen yashi a lungun ɗaki, nan muke ajiyewa. Yaro ya fara cika. Kumatu suka fito, wuya ya yi gammo, kuka kuwa har maƙwabta sai da suka yi ƙorafi, na ce su yi haƙuri, bashin kuka yake biya.

Bayan an yi girbi surukina ya zo ɗaukar matarsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce gida ya yi masa faɗi. Ɗiyata kuma na ga tana satar kallonsa ta labule. Ba zan raba su ba, ban haife ta don ta tsufa a ɗakina ba.

Na ce, "Uwarka fa, me ta ce da ka kai mata bayanin likita?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta ce ta ji. Ta ce dai in sun koma za a ɗan wanke nonon da sassaƙe, don hankali ya kwanta. Zumar kuma ɗan kaɗan, saboda albarka."

"Kai kuma ka ce me?"

"Inna, uwata ce."

Na ce, "Haka ne. Ita ma wannan uwa gare ta."

Na shiga ɗaki na naɗe tabarmata, na ƙulle tufafina a zani, na tono tulun daga yashi. Tunkiya na kai wa maƙwabciya. Matan Darini suka fito bakin ƙofa suna riƙe haɓa. Maƙwabciyar ta ce, "Ke kuwa da girmanki, za ki bi ɗiya gidan miji? Ina kunya?" Na ce, "Ki riƙe mini ita tare da tunkiyar, in na dawo na karɓa." A gidan nan aka kai ni amarya kafin a san za a haifi surukin nan nawa da ke kiran kansa maigidan yanzu. Ba wanda zai nuna mini ƙofa.

Ina Tsaskiya yanzu. An ba ni ɗakin da ake ajiye kayan noma, na share shi, ƙofarsa tana kallon ta ɗiyata. Faccalata tana gaishe ni da safe, Yaya an tashi lafiya, in amsa mata lafiya lau, kowa ya kama gabansa. Ta taɓa zuwa da ƙoƙo a rufe da faifai ta ce kunu ne ta dama wa jikanta. Na buɗe na ɗanɗana a gabanta, na ce wannan kunun ya yi wa angona zaƙi, na shanye abina na miƙa mata ƙoƙon. Ba ta sake ba tukuna.

In baƙi sun zo suka tambayi me ke damun yaron da ake yi masa allura, ba na jira wani ya ce zafi ne. Daga inda nake zaune nake ɗaga murya in ce ciwon suga ne, na gado, na gidan nan, har mai zaure ya ji. Yaron yana rarrafe yanzu, ya fara kama bango. Yana shan nonon uwarsa a tsakar gida da rana tsaka, a gaban kowa, kuma zai sha har ranar da ita da kanta ta ce ya isa.